Ciwon Gaɓa Mai Mugunya

Yaro ya kwana lafiya. Da safe sai ya tashi da masassara, ya ƙi taka ƙafa. Gwiwarsa ta kumbura, ta yi zafi. In an taɓa ta sai ya fasa kuka. Alhali bai faɗi ba, ba a kuma buge shi ba. Kakarsa ta ce sanyi ne. Maƙwabci ya ce a kai shi wurin mai ɗori. Wani ya ce a kira wanzami ya yi masa sakiya. To, mu me za mu ce?

Mece ce gaɓa?

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi da ƙashi, kamar gwiwa da kafaɗa da idon sawu. A kan kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, irin wanda muke gani a ƙashin akuya. Shi ke sa mu tanƙwara ƙafa ba tare da ciwo ba.

In ƙwayoyin cuta suka shiga gaɓa, sai su hayayyafa, mugunya ta taru. Cikin ƴan kwanaki kaɗan mugunyar nan na iya cinye guringuntsi. In ya lalace kuwa, ba ya komawa kamar da. Ƙafa sai ta sage, yaro ya girma da ɗingishi. In cutar ta bazu cikin jini, har rai tana ɗauka.

Ta ina suke shiga?

Ƙwayoyin nan ido ba ya ganinsu. Wadda ta fi kawo wannan ciwo lokotoro na kiranta sitafilokok. Ita ce dai mai sa maruru. Hanyoyinsu uku ne:

1. Ta jini. Daga maruru, ko miki, ko ƙazwar da aka sosa ta yi ruwa, sai jini ya kwashe su ya kai gaɓa. Ga yara wannan hanya ta fi yawa.
2. Ta rauni. Ƙaya, ko tsinin kara a gona, ko saran hauya kusa da gaɓa. Haka nan tsaga da ƙaho da sakiya, da allurar da ba ta da tsabta.
3. Ta ƙashi. In ƙashin da ke kusa ya yi mugunya, tana iya ɓullowa cikin gaɓa.

Su wa ta fi kamawa?

Jarirai da ƙananan yara, musamman masu tamowa. Sai tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu sida, don jikinsu ba ya da ƙarfin kare kansa. Ciwon sanyi da ake ɗauka wajen kwanciya, in ba a yi maganinsa ba, yana iya sauka a gaɓa. Ɗanyar madarar dabba mai bakkale ma tana kawo ciwon gaɓoɓi, shi ya sa ake cewa a dafa madara.

Mu kula ƙwarai da masu amosanin jini, wato emasi. Iyaye sun saba da ciwon ƙashinsu, sai su ce wanda aka saba ne. In gaɓa guda ta kumbura ga masassara, kada a jira.

Jariri kuma ba ya magana. Wani lokaci ko masassara ba ya yi. Sai dai uwa ta ga ya bar motsa ƙafa guda, yana tsala kuka in za a goya shi.

Me za mu yi?

Mu kai shi likita ran nan, ba gobe ba. Ko daga Korgom muke, ko Urafan, ko Kanambakashe, mu fara da likitar da ta fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mu babbar asibitin Tasawa ko ta Mayahi, ko ma Maraɗi. A can ake zuƙe mugunyar da allura mai tsabta, wani lokaci sai an yi aiki. Maganin na ɗaukar makonni. Kada mu tsaya don kumburi ya saɓe, sai lokotoro ya ce ya isa.

Kada a matsa, kada a tsaga, kada a saye ƙwaya wurin mai talla. Mai ɗori gwanin karaya ne da targaɗe, amma hannunsa ba ya kashe ƙwayar cuta.

Mu wanke kowane rauni da ruwa da sabulu, mu rufe shi. Mu kai jarirai rigakafi. Tun 2008 da 2014 Nijar ta ƙara alluran da ke kare yara daga iri biyu na ƙwayoyin da kan shiga gaɓa. Ana yin su a mako na 6 da na 10 da na 14.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi uku da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga gaɓa.
2. Ta yaya uwa za ta gane ciwon ga jariri?
3. Rubuta abin da za ka gaya wa kakar yaron nan.