Idan Yaro Ya Riga 'Yan Ajinsu Iya Karatu

Ƙanwata mai shekara 5 tana ajin nazare a wata makaranta a Gwange. Tun a gida ta iya haɗa baƙi da wasali, amma har zango ya ƙare ajinsu na rera ba, be, bi. Da ta fara gyangyaɗi sai aka ce lalaci ne.

Ɗan'uwa ɗalibi, in ka haɗu da irinta a wajen gwajin koyarwa, fara auna ta tukuna. Rubuta mata jimlar da ba ta taɓa gani ba, domin yaron da ya saba da hadda a makarantar allo yakan ruɗi malami. Tambaye ta abin da jimlar ke nufi. Sannan kawo mata baki da baƙi, kafa da ƙafa. Mu da muka tashi da Kanuri a nan muke tuntuɓe, tunda harshenmu ba shi da ƙ.

In ta ci, ba sai an tsallakar da ita aji ba, don hannunta bai nuna a rubutu ba. Littafi za a sauya mata: a ɗauke Ka Koyi Karatu, a miƙa mata Ka Ƙara Karatu. Shirin TaRL da aka gwada a Borno a 2018 ma bisa iyawa yake raba yara, ba shekaru ba, ko da yake don waɗanda aka bari a baya aka tsara shi.