Idon Jariri Ƙofar Magana Ne

Ya ku iyaye da 'yan kasuwar Salaga, Yendi da Bawku, ku sani jariri yana fara koyon magana da ido tun kafin bakinsa ya buɗe. A makonnin farko ya fi ganin abin da ke kusa, kamar santimita 20 zuwa 30, daidai tazarar fuskar uwa lokacin shayarwa. Wajen wata 2 zuwa 3 yakan bi abu mai motsi da kallo, ya mayar da murmushi. Idan ya kai wata 4 ba ya bin fuskarku da ido, ku kai shi asibiti. Farin tabo a ƙwayar ido kuwa, ba a jinkiri da shi.

Ku lura da kunne ma. In ƙara ba ta razana shi, ko ya kai wata 6 ba ya waiwayar murya, ku gaya wa ma'aikacin lafiya ranar awo. Sanƙarau da ƙyanda na iya kurmantar da yaro, kuma yawancin kurame iyayensu masu ji ne.

Yaron da ba ya ji, ta ido harshe ke shiga masa. A 1991 Laura-Ann Petitto ta Jami'ar McGill a Kanada ta nuna cewa jarirai kurame da ake yi wa maganar hannu suna gwarancinsu da yatsu, kamar yadda masu ji ke yi da baki. Maganar hannu ba ta hana yaro maganar baki.

Uwa, ɗan da ke goye ƙeyarki kawai yake gani. In ciniki ya lafa, ki sauko da shi, ki fuskance shi cikin haske. Ki taɓa kafaɗarsa, ki jira ya dube ki, sannan ki yi alamar kusa da fuskarki, kina faɗin kalmar. Ki fara da nono, ruwa, barci. Uba da kaka da yayye su riƙe alama iri ɗaya.

Akwai makarantar kurame a Savelugu kusa da Tamale, da ta Gbeogo kusa da Bolgatanga, inda ake koyarwa da maganar hannu ta Gana. Amma kada ku jira shekarun makaranta, domin ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe a shekarun farko. Ku nemi manyan kurame na unguwarku su koya muku tun yanzu.