Lasifikar Takarda a Darrasa: Me Ya Sa Ba Ta Magana?

Unguwar Darrasa a Alƙahira ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Nan tsoffin tsangayoyin Jami'ar Azhar suke, ɗalibai daga Najeriya da Nijar kuma sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin masallacin Azhar da na Husaini. Ɗalibin da ya so tara yara lokacin hutu su ƙera lasifika da hannunsu, yawanci matsala ɗaya ke tare shi: an naɗe waya, an manna takarda, an kunna karatu, amma shiru kake ji.

Kayan aikin ba su da yawa. Farantin takarda, gam, maganaɗisu mai ƙarfi mai faɗin santimita 2, sai siririyar wayar tagulla irin ta masu naɗin kwayil. Ana samun su a shagunan kayan lantarki na Bab el-Louk, takarda da kwali kuwa ga Ataba kusa.

Laifin farko na fentin jikin waya ne. Wayar nan a lulluɓe take da wani siririn shafi da ke hana wuta wucewa, kuma ido ba ya bambanta shi da tagullar. Yaro zai ɗaura bakin waya da kyau, wuta ba za ta bi ba. Sai an kankare bakunan biyu da samfefa har sun yi ƙyalli. Wannan matakin ya cancanci mai koyarwa ya bi teburi ɗaya bayan ɗaya ya duba da kansa, domin nan aikin yawancin yara ke mutuwa.

Sai tsawon waya. Mai kaurin milimita 0.1 tana da turjiya wajen om 2 a kowace mita, don haka mita 4, naɗi wajen 60, ta kai om 8 da akasarin ƙananan amfilifaya ke so. A naɗe ta a kan bututun takarda da ya ɗara maganaɗisun faɗi kaɗan, a manna bututun a gindin faranti. Dole bututun ya riƙa motsi sama da ƙasa a kewayen maganaɗisun ba tare da ya goga shi ba, tunda motsin nan ne ke kaɗa faranti ya haifar da sauti. Wayar tana tsinkewa da sauri, a tanadi rara.

Wayar salula ita kaɗai ba ta da ƙarfin tura faranti. A sa ƙaramar amfilifaya mai LM386 a tsakani, da batir mai bolt 9.

Idan lasifikar ta yi magana, a gabatar da 555, ƙwayar lantarkin da Hans Camenzind ya tsara a 1971, don ta samar wa lasifikar sauti. A ja layi mai kauri da fensir 6B a takarda, a haɗa shi da 555 a madadin razista: in aka matsar da waya nesa a kan layin sauti ya yi kauri, in aka matso ya yi siriri.

Kada wutar bango mai bolt 220 ta shigo wannan aiki ko kusa. Ƙananan maganaɗisu kuma a ƙirga su kafin a raba da bayan an tashi, domin idan yaro ya haɗiye biyu suna iya manne hanji su huda shi, abin sai tiyata.