Kwaso Wasiƙun Imel Zuwa Kwamfutar Gida

Wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya daga Gwallameji, Bauchi, yana tambaya: yaya tsohuwar kwamfutarsa mai Linux za ta riƙa kwaso masa imel tana tacewa da kanta?

To ɗan'uwa, manhajoji biyu kake buƙata. Fetchmail ita ke kwaso wasiƙun. Procmail kuma ta rarraba su, na makaranta gefe, tarkacen talla gefe.

In Gmail kake amfani da shi, samar wa fetchmail kalmar sirri ta musamman, ka kulle fayil ɗin da ka ajiye kalmar a ciki kada kowa ya karanta. Kuma don Allah ka umarci fetchmail ta bar kwafin wasiƙun a Gmail, domin ɗaukewar wuta kan lalata faifan ajiya.