Murar Tsuntsaye

Da wuya mutum ya shiga gida uku a Rafin Guza bai tarad da kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Wani gidan kaza ɗaya ce da 'yan tsakinta, wani kuwa akurki ne cike, ga agwagi, ga zabi, har da tattabaru a bisa rufi. Sau da yawa kaza ita ce dukiyar farko da yaro ya kan mallaka. Kakarsa ta kan ba shi sagara, watau budurwar kaza, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, kafin shekara ta kewayo ya tara abin sayen takalmi ko littafi. In an yi baƙo, ko ana suna, ko salla ta zo, akurki a kan nufa. Sabo da haka duk abin da ya taɓa kaji, to ya taɓa mutanen gida.

Akwai wata cuta wadda ta kan share akurki cikin kwana biyu ko uku. Sunanta murar tsuntsaye. Kada sunan ya ruɗe ku, ku zaci irin murar nan ce da ta kan kama ku da hunturu, ku yi 'yan kwanaki kuna atishawa ku warke. Wannan dabam ce. Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ido ba ya iya gani, ko da madubin likita na yau da kullum ba a ganinta. Tana da iri iri. Waɗansu ba su da ƙarfi, amma akwai wadda masana suka sa wa suna H5N1, ita ce muguwar cikinsu.

Asalin mazaunin wannan ƙwaya tsuntsayen ruwa ne, kamar su agwagin daji da dinya. Abin mamaki shi ne, tsuntsun ruwa ya kan ɗauke ta a cikinsa yana ta iyo da shawagi, wani lokaci ba a ganin alamar ciwo gare shi. Amma tana fita cikin kashinsa da majinarsa. In kaza ta sha ruwan da kashin ya faɗa ciki, ko ta yi tono a wurin, shi ke nan ta kamu.

A ƙasar Sin aka fara ganin H5N1, cikin 1996, a jikin waɗansu dinyoyi na gida. Cikin 1997 ta ɓulla a birnin Honkon, ta kama mutum 18, shida daga cikinsu suka mutu. Hukumar birnin ta sa aka kashe kaji fiye da miliyan guda cikin 'yan kwanaki. Cikin 2005 tsuntsayen daji dubbai suka mutu a bakin wani babban tabki na ƙasar Sin, daga nan cutar ta yi ta matsowa yamma, har ta kai Rasha da Turkiyya.

To, yanzu ku ji yadda ta iso ƙofar gidanmu. In ka tashi daga Kawo ka kama hanyar Zariya, ka wuce Rigachikun, ka wuce Mararrabar Jos da Birnin Yero, sai ka iso Jaji, inda makarantar sojoji ta ke, cikin ƙasar Igabi. A can akwai wata babbar gonar kiwon kaji da a ke kira Gonar Sambawa. Cikin watan Janairu na 2006, kajin gonar suka soma mutuwa, yau ɗari, gobe dubu. Aka yi magani, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai aka ɗebi gawawwakin kajin aka kai Bom, kusa da Jos, inda babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Nijeriya ya ke tun 1924. Daga Bom aka aika da samfur zuwa birnin Paduwa na ƙasar Italiya don a tabbata. Ran 8 ga Fabrairu, 2006, aka ba da sanarwa ga duniya cewa H5N1 ce. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita cikin kaji a duk ƙasashen Afirka. Tsuntsayen da suka hallaka a wannan gona kaɗai sun kai wajen 40,000.

Ku tsaya ku lura da wani abu. Tsakanin ranar da kaji suka soma mutuwa da ranar da aka san ko mene ne, an yi kusan wata guda. Cikin wannan wata motoci suna ta kai da kawowa a kan hanya, 'yan kasuwa suna ta sayen kaji da ƙwai ko ina, ba wanda ya san abin da ke tafe. Kafin Fabrairu ya ƙare an sami cutar a Kano da Filato da Bauci da Katsina, har ta ƙetare iyaka ta ɓulla a Magariya, cikin ƙasar Nijar. Zuwa 2008 ta shiga jihohi 25 da Abuja, tsuntsayen da suka mutu ko aka kashe sun wuce miliyan guda. Ta lafa shekara da shekaru, sa'an nan ta komo cikin Janairu na 2015, ta fara da Kano da Ikko. Ta sake komowa cikin 2021.

Lalle tsuntsayen daji suna da hannu cikin yawon wannan cuta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ko wace shekara, in sanyi ya tsananta a Turai, tsuntsaye da yawa su kan yi ƙaura zuwa dausayin Haɗeja da Nguru da Tabkin Cadi, su zauna har sanyin ya wuce. Amma ba shi kyautu mu ɗora musu laifi duka. Da zarar cutar ta shigo ƙasa, mafi yawan tafiyar da ta ke yi daga gona zuwa gona, daga unguwa zuwa unguwa, mutane ne su ke ɗaukarta ba su sani ba. Ƙwayar cutar ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. Takalmin mutum shi ne jakinta. Tana manne wa tayar mota, da kwandon kaji, da kwalin ƙwai, da buhun dusa, da rigar mai figa a kasuwa. Lokacin sanyi ta kan yi makonni da rai cikin kashin kaji, gama zafi ne ya ke kashe ta da wuri. Shi ya sa ta fi ɓarna da hunturu.

Yaya za a gane kazar da ta kamu? Wani lokaci ba a ganin kome. Ka rufe akurki da magariba kaji suna lafiya lau, ka buɗe da safe ka tarad da rabinsu a mace. In ciwon ya ɗan yi jinkiri, za ka ga kaza ta takure wuri ɗaya, gashinta ya tashi, ba ta ci, ba ta sha. Kanta ya kan kumbura, zankonta ya yi shuɗi shuɗi, ƙafafunta su yi jajayen tabo kamar jini ya kwanta. Tana numfashi da kyar, tana zawo, mai ƙwai kuma ta daina yi. Sai dai akwai wata cuta ta dabam, wadda likitoci ke kira Niyukasil, ita ma da hunturu ta ke kashe kaji, alamunsu kuwa sun yi kama ƙwarai. Ko likitan dabbobi ba ya iya rarrabe su da ido, sai an gwada a ɗakin bincike. Don haka ba aikin mai kaji ba ne ya zauna yana cewa wannan ce ko waccan ce.

Ga inda wuyar al'amarin ta ke. A ce wata mata tana da kaji 12, da su ta ke sayen sabulu da gishiri, da su ta ke biya wa 'ya'yanta bukatun makaranta. Ta tashi da safe ta ga uku sun mutu, biyu sun takure. Me zuciyarta za ta gaya mata? Za ta ce mata, “Yi maza ki yanka biyun nan kafin su zama mushe, sauran kuma ki ba yaro ya kai kasuwar Kawo ran Talata, ko kin tsira da wani abu.” Ba muguwar mata ba ce, tsoron hasara ne. Amma ku bi kajin nan bakwai da ido. A kasuwa za a zuba su kwando guda da na waɗansu. Wani ya sayi biyu ya kai Unguwar Dosa, wani ya sayi ɗaya ya kai Hayin Banki, wani ɗan kasuwa ya kwashe saura ya sa a mota ya nufi Zariya. Kafin mako ya kewayo, hasarar gida ɗaya ta zama ta gida ashirin.

Cikin 2006 Gwamnati ta ce duk wanda aka kashe masa kaji sabo da cutar za a biya shi Naira 250 a kan ko wace kaza. Masu kaji da yawa suka ce kuɗin bai kai abin da kaza ke yi a kasuwa ba, sabo da haka waɗansu suka ɓoye nasu, waɗansu suka sayar a asirce. Wannan ya nuna cewa tsawa kaɗai ba ta sa talaka ya kawo rahoto, sai ya tabbata ba za a bar shi hannu banza ba. Duk da haka ɓoyewa ba ta cetar kaza. Wadda ta kamu da H5N1 ba ta da magani, kuma kusan duk waɗanda su ke akurki ɗaya da ita mutuwa su ke yi. Sabo da kaza, in ji Hausawa, ba ya hana yanka. Nan ma haka ne, son da mu ke wa kajinmu ba ya hana a kashe su a binne in cutar ta tabbata, don na maƙwabta su tsira.

Abin da ya wajaba, in kaji suka soma mutuwa da yawa farat ɗaya, shi ne a kai labari asibitin dabbobi ko wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar. Kafin ya zo, kada a fitar da kome daga gidan, ko kaza, ko ƙwai, ko taki. Matattun kuwa babban mutum ne zai ɗauke su, ya sa hannunsa cikin leda, ya haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ya binne su. Kada a jefa su a juji inda kare zai ja su, balle a jefa su cikin Kogin Kaduna. Mutanen Rafin Guza sun fi kowa sanin cewa abin da aka zuba a ruwa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun cutar ba ta zo ba akwai dabarun da ba su cin kuɗi. In an sayo sabuwar kaza, ko an kawo ta kyauta, a keɓe ta ita kaɗai har mako biyu, a ga lafiyarta tukuna. Kada a haɗa agwagi da kaji a akurki ɗaya, gama agwagwa ta kan ɗauki cutar ba ta nuna ba. A sa kaskon ruwa da na tsaba a ƙarƙashin rufi, inda tsuntsayen daji ba za su sauka su ci su yi kashi ba. A manyan gonaki za ku ga wani ɗan kwano na ruwan magani a bakin ƙofa, kowa zai shiga sai ya tsoma takalminsa. A gida ma mutum yana iya ware tsohon takalmi na shiga akurki kaɗai. Masu lambu a bakin kogi suna son kashin kaji don taki, kuma taki ne mai kyau. Amma a tambayi inda ya fito, a kuma tara shi a rufe ya yi makonni, zafin da ya ke yi a cikinsa ya kashe ƙwayar, kāna a kai gona.

Saura maganar mutane. Murar tsuntsaye ba ta cika kama ɗan Adam ba, kuma da wuya ƙwarai ta tashi daga mutum zuwa mutum. Amma in ta kama, tana da tsanani. Tun daga 2003 an ƙidaya fiye da mutum 800 da suka kamu da H5N1 a duniya, kusan rabinsu suka rasu. A Nijeriya ma wata mata ta rasu da ita a Ikko cikin Janairu na 2007. Mafi yawan waɗanda suka kamu sun taɓa kaji marasa lafiya ne, ko sun yanka su, ko sun fige su. Nan ne ku yara ya kamata ku yi hattara, domin ku a kan aika ku kama kaza, ku a kan ba figa. Kada ku yi wasa da mataccen tsuntsu, ko na gida ko na daji. Kada ku kwana ɗaki ɗaya da kaji. In kun taɓa kaza ko kun share akurki, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci. Wanda ya yi zazzaɓi da tari bayan kaji sun mutu a gidansu, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita labarin kajin.

Waɗansu mutane, da suka ji labarin cutar cikin 2006, sai suka daina cin kaza da ƙwai ɗungum, har masu kiwo da yawa waɗanda kajinsu lafiya lau su ke suka yi hasara. Wannan tsoro ya wuce wuri. Naman lafiyayyar kaza, in ya dahu sarai har ba sauran ja a jikin ƙashi, ba ya cutarwa. Ƙwai ma haka, in an dafa shi har gwaiduwar ta yi tauri.

Tambayoyi

1. A wane gari aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, kuma cikin wace shekara?
2. Don me ba a haɗa agwagi da kaji a akurki ɗaya?
3. In ka tashi da safe ka ga kajin gidanku da yawa sun mutu, me za ka gaya wa iyayenka?
4. Zana taswirar hanyar Kawo zuwa Zariya, ka nuna inda Jaji ta ke.