Me Ke Kare Cikin Fara Daga Funfuna?

Wata wasiƙa ta zo mana daga wani manomi a garin Tsamiya, ƙaramar hukumar Bagudo, dab da iyakar Binin. Yana cewa: na ji ana kashe fara da funfuna, to ita ba ta da kariya ne?

Malam, mun gode. Tana da kariya, kuma a cikin hanjinta take. Hanjin fara cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Idan ta ci ganye, su waɗannan bakteriya sukan sarrafa shi su fitar da wasu sinadarai masu hana irin funfuna tsira. Masana a Jami'ar Bath ta Ingila sun gwada: farar da aka rena ba bakteriya a hanji, funfuna na iya tsira a cikinta, mai bakteriya kuwa, ko ta haɗiye shi, da wuya ya kama.

To ta ina ake cin galabarta? Ta fata. Maƙwabtanku ma na da hannu a aikin, domin cibiyar IITA da ke Kwatano a ƙasar Binin na cikin waɗanda suka haɗa maganin funfuna mai suna Green Muscle. Ana kwaɓa irin funfunan da mai, a fesa, ya manne a jikin fara, ya huda fata ya shige, bai bi ta hanji ba. Sai dai a yi haƙuri, yakan ɗauki mako biyu ko uku kafin farar ta mutu. In gawar ta sami laima, za ka ga ta yi kore shar.