BIZA ALƘAWARI CE: Darasi ga masu shirin Umara da masu neman fita aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, da zarar watan Rajab ya kama, saƙonnin da ke shigo mini sukan koma iri ɗaya. Wani daga nan Wonaka, wani daga Tsafe, wani daga Bunguɗu. "Malam, an ce in na shiga da bizar Umara cikin azumi, ina iya laɓewa har in yi Hajji. Ya halatta?" Wani kuma ya ce akwai ejan da zai yi masa bizar ziyara, in ya isa sai ya kama aiki. Kwanan nan har da sabon salo: matasa na turo mini tallar wata biza da wai ake zuwa hutu Ostireliya ana aikin gona ana karɓar dala. Na ga gara in haɗa amsar wuri guda, duk mai buƙata ya karanta a natse.

Mu fara da asali. Yawancinmu mun ɗauki biza kamar tikitin shiga kasuwa, in ka wuce mai gadi shi ke nan. A fiƙihu ba haka take ba. Ƙasa ce ta ba ka aminci ka shiga, bisa sharaɗin abin da za ka yi da ranar da za ka fita, kai kuma ka sa hannu, ka dangwala yatsa, ka ce ka yarda. Malamai sun yi babi guda a kan wanda ya shiga ƙasar da ba tasa ba da aminci, suka ce ko ƙasar waɗanda ba Musulmi ba ce, bai halatta ya yaudare su ba. To ina ga ƙasar Musulmi? Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika ƙulle-ƙullen alƙawari, ba ta ware na takarda ba.

Akwai ƙissar da nake so ku riƙe, Imamu Muslim ya ruwaito ta. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa sun fito za su Madina gab da yaƙin Badar, sai Ƙuraishawa suka kama su. Ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawari cewa Madina za su wuce, ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Da suka iso suka ba shi labari, sai ya ce su koma, a cika wa mushirikai alƙawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Ku duba fa. Musulmi ɗari uku da 'yan kai, abokan gaba wajen dubu, ranar da ake buƙatar kowane hannu. Alƙawarin ma a hannun maƙiya aka ɗauke shi. Duk da haka aka cika. Sai kai da ka cike fom da hannunka, ba wanda ya tsare ka da takobi, ka ce naka ba ya lissafi?

Yanzu mu zo ga bizojin, don kowace da ƙofarta.

Bizar Umara ta Umara ce da ziyara. Tun 2022 Saudiyya ta ƙara wa'adin zama da ita daga kwana 30 zuwa 90, kuma akwai inshorar lafiya a cikin kuɗinta. Amma ba a Hajji da ita, ba a aiki da ita. Kuma kwana 90 ɗin nan ba ya tsallake ranar rufe ƙofa. A 2025, misali, ranar ƙarshe ta shigar mai Umara ita ce 13 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta fita kuma 29 ga Afrilu, wato 1 ga Zulƙida. Ko sauran kwana 60 a bizarka, ranar nan dole ka fita. Kowace shekara ana fitar da sabuwar sanarwa, sai ka nemi ta shekarar tafiyarka.

Bizar yawon buɗe ido kuwa an fara ta a watan Satumba 2019. 'Yan ƙasashe 49 aka fara ba damar cirar ta kai tsaye ta intanet, kuma babu Najeriya a cikinsu. Ana iya Umara da ita a wajen lokacin Hajji, haka ma bizar ziyarar dangi. Hajji da aiki dai babu.

Hajji da bizarsa da izininsa, wanda ake kira tasrihi. Mu a nan hanya biyu ce: ko ta hukumar alhazai ta jiha a Gusau, ko ta kamfanin jirgin yawo mai lasisin NAHCON. Babu ta uku.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini: "Malam, ɗakin Allah ne, wa ya isa ya hana bawa?" Ina ganin zafin son da ke cikin maganar, kuma ba na raina shi. Kujera ta yi tsada, talaka ya tara ya tara kuɗin na gudunsa. Amma ku ji abin da ya faru a Hajjin 2024. Zafi ya haura digiri 51 a Makka. Ministan lafiyar Saudiyya ya ce mutum 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin ɗari marasa tasrihi ne. Dalili a fili yake. Wanda ba shi da izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba shi da mota, ba shi da shugaban ayarin da zai ƙirga shi da dare ya ga babu shi. A ƙafa yake tafiya cikin rana, yana kauce wa jami'ai, in jiri ya ɗebe shi ma tsoron zuwa asibiti yake. Allah Ya gafarta musu, Ya karɓi niyyarsu.

Tun kafin wannan Hajjin, a watan Afrilun 2024, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da bayani cewa tafiya Hajji babu tasrihi bai halatta ba, mai yi ya yi zunubi, kuma wanda bai samu tasrihin ba hukuncinsa hukuncin wanda bai da iko ne. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce rahamar da mutane ba su lura da ita ba. Aya ta 97 a Ali Imrana ta rataya wajibcin Hajji a kan iko. In ba ka samu hanya ba, ba a binka bashi. In mutum ya saɓa ya yi, ya cika rukunai, Hajjinsa ya inganta, amma laifin saɓa alƙawari na nan a wuyansa. Ta fuskar doka kuma, a 2025 tarar ta kai Riyal 20,000, wanda ya ɗauke ka ko ya ɓoye ka har Riyal 100,000, sannan a koro baƙo a hana shi shiga shekara 10. Lissafa da kanka: ka je don ka ga Ka'aba sau ɗaya ta ɓarauniyar hanya, ka dawo an rufe maka ita shekara goma.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Ya ce kakanninmu da sunka tafi a ƙasa, wace biza sunka nema? Gaskiya ne. Sun bi ta Barno, suka ratsa Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, suna tafiya suna yada zango, su yi noma ko ɗinki ko karantarwa su samu guzuri su ƙara gaba. Wasu shekaru suka yi a hanya, wasu can suka zauna, garin Mai Wurno na Sudan shaida ne, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mazhabarmu ta Malikiyya ma tana ƙirga mai iya tafiya a ƙasa da sana'ar da za ta ciyar da shi a cikin masu iko. Sai dai su ba su sa hannu a kan cewa za su fita ranar kaza ba. Kai ka sa.

Masu neman aiki, ku matso.

Bizar aiki daga can take fitowa. Mai ɗaukar aiki ne ke nema da sunansa, a yi kwantiragi, a yi maka gwajin lafiya, in ka isa a yi maka iƙama. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka ga sunan kafilinka, ka ga sana'ar da aka rubuta, ka ga albashi da awannin aiki a rubuce. In da Larabci ne, kawo a karanta maka, ba abin kunya ba ne. Abin da ake kira "biza hurra", wai ka biya kafili ya sake ka ka nemi aikinka, babu ita a dokarsu. Ranar da kuka ɓata, zai kai rahoton ka gudu, abin da suke kira hurub, daga nan ka zama abin farauta. A shekarun da na yi karatu a Madina na ga 'yan uwanmu 'yan takari da yawa. Mutum da ƙarfinsa da sana'arsa, amma an cinye masa albashin wata uku ba shi da inda zai kai ƙara, don shi kansa ɓoyo yake yi. Matan da ake kaiwa shaggala, wato aikin gida, nasu ya fi ciwo, domin sassaucin da aka yi wa tsarin kafili a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Uban da zai miƙa 'yarsa ga ejan da bai san ofishinsa ba, bai ga lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ba, ya ji tsoron Allah.

Batun hutu da aiki a Ostireliya kuwa gajere ne. Bizar akwai ta, a Ostireliya da Niyuzilan da Kanada, ta matasa ce daga shekara 18 zuwa 30, wani wuri 35. Amma yarjejeniya ce tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma Najeriya ba ta cikin jerin. Duk wanda ya ce zai yi maka ita da koren fasfo, kuɗinka yake so.

To, wanda ya zaɓi ƙofar da ta dace da niyyarsa, me zai shirya?

Fasfo tukuna. Ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma sunanka da ranar haihuwarka su zo daidai da na NIN, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya zaunar da kai makonni. Daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma Naira 200,000. Ka fara da wuri, kada ka bari sai Sha'aban ya raba.

Sai allurar shawara da ta sanƙarau, kowace aƙalla kwana 10 kafin shiga. Akwai masu sayen katin ba tare da an yi musu allurar ba. Mu mutanen Zamfara bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba, mun ga abin da sanƙarau ya yi mana a 2017. Za ka shiga cunkoson mutanen duniya, ka ɗauko ko ka kai, sannan ka dawo cikin 'ya'yanka. Katin bogi ƙarya ce, kuma cutarwa ce.

Kamfanin da za ka bi, ka duba sunansa a jerin masu lasisin NAHCON. Ka biya ta asusun kamfani, ba na wani mutum ba, ka karɓi rasit. In biza ta fito, ka sa wanda ya iya ya duba ta a shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya, ya karanta maka irinta. Da yawa sai a filin jirgi suke jin cewa abin da ke hannunsu ba shi aka ce musu ba. Ka riƙe tikitin dawowa da sunan masauki, ka sauke manhajar Nusuk a wayarka, da ita ake neman izinin shiga Rauda.

Kaya kuma, a nan nake so ku buɗe kunne. Kada ka ɗauki saƙon kowa da ba ka kwance ka gani ba, ko surukinka ne. Goro a bar shi gida. Maganin da kake sha ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Ku tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a Disamban 2018 tana Umara da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai Tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano masu hannu. Hukuncin safarar ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa. Saboda haka ka tsaya a wurin awo, ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga lambobin da aka manna a takardar shiga jirginka, su zo daidai.

Hanyarmu ma cikin tafiyar take. In ta Kano ko Abuja za ka tashi, ka san halin da titin Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa yake ciki. Ka fita da rana, ka ba kanka kwana guda na rara, kada saurin jirgi ya sa ka bin dare. Kuma ba sai duk gari ya san ranar da za ka fita da guzuri a jiki ba.

Imamul Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa mutanen Yaman sukan zo Hajji ba guzuri, su ce su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su koma roƙo, shi ne aka saukar da umarnin yin guzuri a aya ta 197 ta Baƙara. Guzurin ya haɗa da na waɗanda ka bari. Umara a mazhabarmu sunna ce mai ƙarfi, ciyar da iyali kuwa wajibi ne, don haka wanda zai sayar da gonar da gida ke ci daga gare ta, ko ya bar rumbu wayam, ya sake lissafi. Ka biya bashin da lokacinsa ya yi, ko ka nemi yardar mai shi. Ka rubuta abin da ake binka da wanda kake bi, ka sa shaidu biyu, ka bar wa na gida takardar tare da hoton fasfonka da bizarka da lambar kamfanin da ya kai ka.

Wallahu a'alam. In sha Allahu darasi na gaba zai zo a kan ɗaura harami ga wanda ke cikin jirgi, da sallar matafiyi.